Yara Biyu, Pompi Ɗaya

Ku 'yan sitaj da ake turo mana koyon aiki kowace shekara, bari in faɗa muku tun yanzu, don ba ni da haƙurin maimaita magana. Jiya na ji ɗayarku tana ce wa ƙawarta wai aikin ɗakin ayerosol ba aiki ba ne: a zuba magani, a kunna inji, a ɗora wa yaro roba a hanci, a zauna ana latsa waya. Ban tanka ba saboda akwai yaro a hannuna. Yanzu babu, sai ku saurara.

Ni ban yi makarantar likita ba. Koleji na gama a nan Kwatano, na ɗan zauna gida, sai aka ce ƙaramin asibitin unguwarmu ta Zango yana neman yarinyar da ta iya Hausa da Faransanci. Tafinta aka ɗauke ni. Dokta mutumin Paraku ne, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "ina ciwo" ba. Wadda ta koya mini aikin hannu kuwa Madam Selestin ce, tsohuwar nas 'yar Godome, wadda kullum take haye zem, babur ɗin haya, ta riga mu isowa, mu da muke kwana a bayan asibitin. Hausar kasuwa take yi, mace da namiji duk "kai" ne a wurinta, amma kunne irin nata ban sake gani ba.

Aikin farko da ta ba ni wanki ne. Injin ayerosol ɗan akwati ne mai gurnani, da tiyo, da ɗan kofin da ake zuba magani a haɗa da ruwan gishirin asibiti, da masiki, wato robar da ke rufe hanci da baki. Injin ke mai da maganin ya zama tururi mai sanyi, yaro ya shaƙa. Kowane masiki sai an wanke shi da sabulu, a jiƙa a ruwan jabel, bilicin kashe ƙwayar cuta, a ɗauraye, a sake ɗaurayewa har warin ya fita sarai, don warin jabel kaɗai ya isa ya rufe ƙirjin da kike neman buɗewa. Ba a goge shi da tsumma, a inuwa ake shanya shi. Na yi watanni ina wannan ina gunaguni. Madam takan ɗauki wanda na wanke ta kai hanci, ta mayar mini cikin bokiti. Ranar da na yi ƙorafi ta ce, "Kai Rakiya, bakinka sauri, ƙafarka sauri, to. Hannu ba sauri."

Bayan wanki sai kallo. Yaro ya shigo yana haki, kada ki fara da tambayar uwarsa, daga ranar suna za ta ɗauko miki labari. Ɗaga rigarsa. Dubi tsakanin haƙarƙari ko fata na lotsawa ciki, dubi ramin nan na ƙasan maƙogwaro, dubi hanci ko yana buɗewa yana rufewa. Tambaye shi abin da ya ci da safe. In ya kai ƙarshen magana, kina da lokaci. In yana yanka ta kalma kalma, ba ki da shi. Kuma wanda ƙirjinsa ke kuka kamar ɗan kyanwa bai kai wanda ƙirjinsa ya yi tsit ban tsoro ba. Uwa tana jin kukan ya tsaya sai ta ce alhamdu lillahi. Ke kuwa lokacin ne za ki ruga kiran Dokta, don iskar ce ta daina shiga.

Masu kawo yaran ma darasi ne. Akwai wadda in ba a yi wa ɗanta allura ba, a wurinta ba a yi komai ba. Akwai uban da ya rantse ɗansa ba zai taɓa pompi ba, ɗan gwangwanin nan da ake fesawa a baki, wai in ya saba shi ke nan har tsufa. Akwai kakar da ta riga ta ɗura masa zuma da tafarnuwa tun a gida. Akwai kuma Hajiyar da za ta shigo ɗakin da yaro ke neman iska ta sha turaren wuta da humra har idonki na ruwa. Madam takan yi ta kewaye-kewaye. Ni cewa nake, "Hajiya, fita ki tsaya a baranda, ƙamshinki ne ke shaƙe shi." An sha kai ƙarata wurin Innata. Yaran dai sun yi numfashi.

Duk wannan za ku iya shi in kuna da kai. Abin da har yau nake bi ban kai ƙarshensa ba shi ne wannan: magani ɗaya, inji ɗaya, hannuna ɗaya, amma yara ba ɗaya ba. Wani kafin kofin ya ƙare ya fara neman sauka ya yi wasa. Wani sai an maimaita, an sake maimaitawa. Wani mura ce ke tayar masa, wani ƙurar katifa, wani hayaƙin maganin sauro, ƙanensa kuwa da suke kwana gefe da gefe ko tari ba ya yi. Na dami Dokta da tambaya har wata rana ya ajiye biro ya juyo.

Ya ce a jikin kowa akwai masu tsaro, su ake kira garkuwar jiki, aikinsu kama ƙwayar cuta in ta shigo. Na wasu yara masu saurin fushi ne. Ƙura ta shigo, abin da bai dami kowa ba, sai su taso mata kamar an yi ihun ɓarawo a kasuwar Dantokpa. Su ne ke kumbura hanyar iska daga ciki, su cika ta da majina, naman da ke kewaye da ita ya matse. Ashe ba ƙurar ce ke shaƙe yaro ba, masu tsaronsa ne. Na ce, "To wa ya ɗauke su aiki, tunda ba su da hankali?" Ya yi dariya ya ce iyaye. Na ji dai, amma ban gane ba sai a kan yaran Hajiya Balki.

Hajiya Balki matar Alhaji Mamman ce, dillalin raguna. Yara biyu maza take kawowa, Sabi'u da ƙanensa Ilu, dukansu 'yan firamare. Asmar Sabi'u mai ladabi ce. In mura ta kama shi ƙirji ya ɗan yi kuka, a fesa masa shuɗin pompi, kashegari yana ƙwallo a layi. Ilu kuwa sai mu yi watanni ba mu gan shi ba, Sallar Layya na matsowa ya zama ɗan gida a asibitin. Dokta ya yi tambayoyin da aka saba, ina fassarawa.

"'Ya'yanki ne duka biyun?"

"Nawa ne."

"Ke ko Alhaji, akwai mai asma, ko borin jini, ko yawan atishawa?"

"Babu. Mu lafiyarmu ƙalau."

Tunda pompin ya karɓi Sabi'u, Hajiya sai ta mai da shi na gida. Duk wanda ya fara haki a fesa masa. Ilu yakan ji sauƙi na ɗan lokaci, abin ya dawo, a sake fesawa, ya sake dawowa ya fi na da.

Shekarar da ba na mantawa ita ce wadda Layya ta faɗo tsakiyar ruwa sosai. Lungunan Zango suka cika, bango yana gumi, wanki ba ya bushewa, kuran kuma, wato lantarki, sai an ga dama a kawo. In babu wuta, injinmu akwati ne kawai. A shekarar ne Madam ta koya mini gora. Ki samu gorar ruwa ta roba, ki huda gindinta daidai bakin pompi, ki cusa ki liƙe. Yaro ya kama bakin gorar da leɓe, ki fesa ɗaya, ya ja a hankali, sannan ki ƙara. Kada ku raina ta. Yaran da muka buɗe wa ƙirji da gorar nan a daminar sun fi waɗanda inji ya buɗe wa.

Alhaji Mamman ya sauke ragunansa daga arewa kamar kowace shekara, ya ɗaure su a tsakar gida, ya jibge harawarsu a zaure jikin tagar ɗakin yara, ya lulluɓe da tampol. Harawa a irin wannan laima fumfuna take yi. Dokta ya tambayi abin da ke sauyawa a gidan duk gabanin Layya, aka gaya masa, ya ce a kira mai gidan. Ni aka bar wa maganar.

"Alhaji, Dokta ya ce harawar nan yake zargi. Ko a fitar da ita, ko a nisanta yaron."

"Ke 'yar wa ce ma?"

"'Yar Malam Idi mai ɗinki."

"To 'yar Malam Idi, gaya wa Dokta Sabi'u a kan harawar nan yake tsalle, shi ma kuma mai asmar ne. Ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya, pompi ɗaya. Me ya sa harawar ta zaɓi ɗaya ta bar ɗaya? Ido gare ta?"

"Fumfuna gare ta."

"Ji min yarinya! In fitar da abincin raguna cikin ruwan nan, su rame, Sallah ta zo in sayar da ƙashi? Sanyi ne ya kama yaro. A ba shi magani."

Dokta ya ce in gaya masa ko 'yan ciki ɗaya ba lallai su ɗauko abu ɗaya ba. Alhaji ya ce ya ji, ya gyara hula ya fita. Gaskiya haushinsa na ji, amma tambayar da ya yi ni ma ita ce tawa.

Bayan 'yan kwanaki, wata safiya an kwana ana ruwa, babu wuta, sai ga wata mata ta faɗo ɗakin da Ilu goye a bayanta, zaninta jiƙe har gwiwa. Hajiya Balki na biye tana salati. Na ɗaga rigarsa. Haƙarƙari duk a waje, leɓe ya sauya, ƙirji tsit. Ban tsaya gaisuwa ba. Madam ta ɗauko gora, na riƙe kansa, Dokta ya jawo tulun iskar oksijin, aka yi masa allurar sauke kumburi. Dokta ya riga ya ce a nemo mota zuwa babban asibiti, sai ƙirjin ya fara kuka. A ɗakinmu wannan kukan albishir ne. Kafin azahar yaro ya nemi ruwa.

Matar da ta goyo shi tana tsaye a ƙofa, ba ta matso ba. Hajiya ta ce ƙanwarta ce Saude, a Abotru take aure, ta zo taya ta aikin Sallah ne. Ita ma haki take yi. Na ɗauka gudu ne. Dokta kuwa hannunta yake kallo. A lanƙwasar gwiwar hannunta akwai fata mai kauri, baƙa, irin wadda susa ke bari. Ya ɗaga hannun Ilu, ga irinta a wuri ɗaya. Ya ce mini da Faransanci, "Tambaye ta, ita ce uwarsa?"

Na ce, "Wannan ba zan fassara ba."

"Saboda me?"

"In na fassara, sun tafi ke nan, ba za mu sake ganin yaron ba."

Ku da ba 'yan Zango ba, ku buɗe kunne a nan. A wurinmu ɗan fari sau da yawa ba ya tashi a hannun wadda ta haife shi. Ana yaye shi, yayarta ko gwaggo ko kaka ta ɗauka, ya zama nata. Uwar ba ta kiran sunansa, ba ta nuna shi, ba ta cewa nawa ne, kunya ce. Wadda ta riƙe shi kuma, ki tambaye ta a gabansa ko ita ta haife shi, kin zage ta. Hajiya ba ta yi wa Dokta ƙarya ba. Nata ne. Tambayar ce ba ta dace da gidajenmu ba.

Na yi masa wannan bayanin a gurguje. Ya ce, "To ya za a yi? Ina bukatar in san abin da ke tayar mata." Na ce ya bar mini ita a matsayin maras lafiya, tunda dama ita ce. Ya saurari ƙirjinta, ya ce a fesa mata. Na ja ta baya inda muke shanya masiki, na miƙa mata gora.

"Tanti, tun yaushe ƙirjinki ke haka?"

"Ba komai, gudu na yi."

"Gudu ba ya sa wannan kukan. Ja. Riƙe. Saki. Tun yaushe?"

Ta saki numfashin. "Tun ina yarinya a Gaya. In aka buɗe rumbun harawa bayan damina, ranar ba na iya kwanciya. Idona ya yi ja, hanci ya yi ta zuba. Har Baba ya hana ni ba awaki abinci. Yaran gida suna cewa dabarar gudun aiki ce. Kawunmu ma haka yake."

"Hajiya ta sani?"

"Yaya ta yi aure ta taho Kwatano ina goye."

"To ke kina ganin yaron nan yana faɗuwa kowace Layya, ba ki faɗa ba?"

Ta sauke gorar ta dube ni. "In ce me? In ce ni ya gado? A gidan Yaya? Da wane bakin?"

Na ce ta ƙara ja ɗaya.

Da na kai wa Dokta, sai ya jawo kujera, har Madam ta bar abin da take yi ta matso. Ya ce abin da ake gada ba dunƙule ɗaya ba ne da za a ce ga shi nan asma. Ƙananan abubuwa ne masu yawa, kowane yaro da irin damƙin da ya samu daga uwa da kuma daga uba. Shi ya sa Hajiya da Saude ciki ɗaya suka fito, ɗaya ta ɗauko, ɗaya babu alamarsa a jikinta, ko da tana ɗauke da wani abu daga ciki. Ƙila ta nan ne Sabi'u ya samo nasa ƙirjin, amma nasa masu tsaron mura ce suke taso wa. Na Ilu kuwa irin na Saude ne, masu faɗa da fumfuna. Shuɗin pompi matsewar kawai yake sassautawa, ba ya kwantar da kumburin. Ilu wani daban yake bukata, wanda ake fesawa kullum safe da yamma ko lafiyarsa ƙalau, a kurkure baki bayansa. Kuma gado shi kaɗai ba ya tashi sai ya haɗu da abokin faɗansa. Da a gidan mai sayar da atamfa Ilu ya tashi, ƙila da ba mu san shi ba.

Na ce, "To a ɗebi jininsu mana a duba, a huta da tambaya."

Ya ce akwai masu karanta ƙwayoyin gado a manyan ɗakunan bincike, amma su kansu ba su gama ganewa ba, kuma yawancin yaran da suka karanta ba irin namu ba ne. "Kafin su iso Zango, Rakiya, abin da muke da shi bakin iyaye ne. Ni ma ban ce tabbas ba. Amma in aka mayar da yaron nan ɗakin can, ba na son ganin yadda zai dawo."

Saura Hajiya. Yaro na kwance yana barci, tana zaune gefensa, Saude ta dawo ta tsaya a ƙofarta ta ɗazu. Madam ta dafa kafaɗata ta raɗa mini, "Kaɗan." Na durƙusa.

"Hajiya, Dokta ya duba Tanti Saude. Ƙirjinta irin wanda harawa ke tayarwa ne, tun tana yarinya. Kawunku ma an ce haka yake. Dokta ya ce irin wannan jini yake bi."

Na tsaya a nan. Sauran maganar tana bakina, na haɗiye. A duk aikin da na yi a ɗakin nan, babu wanda ya ba ni wuya kamar haɗiyar nan.

Hajiya ta dubi ƙanwarta. Ta kama hannun Ilu ta juya shi, ta daɗe tana kallon lanƙwasar. Sannan ta ce, "Kawu Sule. Na tuna, da kaka ba ya zuwa gona." Ta gyara mayafi. "Ta wajena ya ɗauko ke nan. Jinin gidanmu ne."

Na ce, "Haka ne, Hajiya."

"Alhaji ba zai fitar da harawa ba, kuma ba zan ce ya fitar ba, da ita muke ci." Ta ɗaga murya kaɗan ba ta juya ba. "Saude."

"Na'am, Yaya."

"Gidanku akwai dabba?"

"Babu, Yaya. Ko kaza."

"In an sallame mu ki wuce da shi Abotru. Ki riƙa mini ɗana har a yanka ragunan nan a share zaure. Kuma ke ma kada in sake ganin ƙafarki a gidana sai bayan Sallah, ba ni da ƙarfin jinyar mutum biyu."

Saude ta sunkuyar da kai. "To, Yaya. Zan kula miki da shi."

Ni na koya mata sabon pompin, da gora, da kurkurar baki. Ta maimaita a gabana har na gaji, ita ba ta gaji ba. Alhaji, da Hajiya ta gaya masa abin daga danginta ne, an ce cewa ya yi dama ya san ba daga nasa ba ne. Ragunansa suka zauna, ya sayar da su da ƙibarsu. Ilu kuma ba mu sake ganinsa da haki ba a daminar.

Sai bayan Sallah suka zo a duba shi, su uku. Dokta ya saurari ƙirji gaba da baya, ya ɗaga mini babban yatsa, ya ce a ci gaba da pompin. Yaro kumatu sun fito, wuya ya cika. Hajiya ta juya shi hagu, ta juya shi dama, ta taɓe baki.

"Saude, kin ramar mini da yaro."

"Ki yi haƙuri, Yaya."

"Inna, Tanti tana kai ni bakin ruwa ganin jiragen masunta!"

"Shi ya sa ka yi baƙi." Ta miƙe ta saɓa jaka, ta kai ƙofa, sannan ta tsaya. "Baɗi kada ki jira sai na aika. Kina jin an ce motar harawa ta taso daga arewa, ki zo ki ɗauke mini shi."

"To, Yaya," in ji Saude. Idonta na ƙasa, hannunta kuwa na kan wuyan rigar yaron, tana gyara abin da bai karkace ba.